Galmar Ɗan Fari

A shekarun da ciwon shanu ya share garkunan Zamfara, har Fulanin Janbako suka koma kiwon awaki suna sunkuyar da kai, haraji ne kaɗai bai kamu da komai ba. Lafiyarsa lau. Ana gama ɗaure dawa ya iso Tungar Mahauta a kan doki, tare da sabon jakada daga Mafara, wani saurayi mai suna Sambo wanda rawaninsa ya fi gemunsa cika.

A wannan yanki ba gona ake aunawa ba, galma ake dubawa. Duk namijin da ya isa huɗa yana da tasa, kowace galma kuma tana da kuɗinta a wurin sarki. Wadda tsatsa ta cinye ba a kula ta, an san mai ita ya tsufa. Wadda bakinta ke ƙyalli ita ce ke biya.

Arzika mahauci ya tarbi jakadan a zaure. Tsoho ne dogo, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu saboda ɗaukar cinyar sa tun yana yaro. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da sanyi da lafiyar doki, aka sake komawa kan gajiya. Sannan Sambo ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Baba, galma nawa gare ku?"

"Guda."

"Idona ko biyu shika gani."

"Idonka sabo ne, ɗana. Bai saba da duhun zaure ba."

Sambo ya miƙe ya sauko da ta biyun. Ya juya ta a hasken ƙofa. Bakinta fes, ƙotar ta sha mai har tana santsi.

"Wagga ta wa ce?"

"Mai ita ba shi nan."

"Ina ya tahi?"

"Kudu."

"Yaushe zai komo?"

Arzika ya duƙufa yana gyara bakin tabarma, ko da yake babu abin da ya same ta.

"To, mi sunanshi?"

Arzika ya ci gaba da gyaran tabarmarsa.

Sambo ba mugu ba ne. Amma a makon nan kaɗai ya zaro ƙaton saurayi daga cikin rumbu, ya kuma tarar da wani an lulluɓe shi da zane an ce kaka ce ba ta jin daɗi. Ya mayar da galmar bisa ƙusarta, ya ƙulla ƙulli biyu a igiyar da yake riƙe lissafin gidaje da ita.

"In kana da magana, Baba, Malam Abdulwahabu na zama ranar Talata a Mafara don masu kuka. Ka tahi da ita shi gani."

Jakadan da ya gabata, Allah ya jiƙansa, ya san gidan. Shi idan ya shigo ƙasa yake kallo, ya ci kilishinsa ya tashi, bai taɓa gano cewa zauren yana da bango ba. Amma ya mutu, kuma abin da ya sani ba a gadonsa.

Galmar ta Hashimu ce, Hashimu kuwa ɗan farin Arzika ne. Kakarsa ce ta yaye shi, ita ke kiran sunansa. Uwarsa Turai ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa ambatonsa ba, haka ma ubansa. Idan ya zama dole su ce wani abu a kansa, sai su ce wancan. Ranar da ya faɗo daga kan kanya ya karye a hannu, Turai tana sheƙa a tsakar gida, ta ci gaba da sheƙarta kamar yadda aka san 'yar mutunci za ta yi, sai dai rabin geron a ƙasa ya zube. 'Ya'yan da suka biyo bayansa an ba ta damar ta so su a fili, ta kuwa so su, ta yi kukansu ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana. Zuwaira ce kaɗai ta rayu, aka kai ta aure Bakura.

Da Hashimu ya zama mutum, shi ya sare fadamar da ke bakin gulbi, ya kafa jigo, ya fara albasa. Sannan wani rani wani falke daga Maradun ya nemi samari masu kora masa shanu zuwa ƙetaren Kwara, Hashimu ya bi su don ya samo kuɗin aure. Turai ba ta fito rakiya ba. Ta dai ba Zuwaira ƙullin dakuwa ta ce ta saka a jakar wancan, don kada ta lalace a gida.

Masu kora suka dawo babu shi. Suka ce zazzaɓi ya kama shi a wani gari a bakin ruwa, sun bar shi a gidan wata mai fura, ya ce zai biyo baya. Ayarin da ya zo daga baya, wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce garin ma an tashe shi. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har yaran da aka haifa bayan tafiyarsa suka fara kiwo. Duk lokacin da matafiyi ya sauka a zaure, Turai takan kawo ruwa ta tsaya a bayan zana. Ba ta tambaya. Ba ta da bakin tambaya.

Galmar ce kawai take taɓawa. Ranar Talata, idan Arzika ya tafi kasuwa, takan sauko da ita ta goge bakin da toka da yashi, ta shafe ƙotar da man kaɗe, ta mayar. Shi kuma idan ya dawo ya ji ƙamshin man a zaure, sai ya yi gyaran murya ya wuce ciki. Bai taɓa cewa komai ba. Amma man kaɗen da yake sayowa ya fi ƙarfin ƙafafun tsofaffi biyu, kuma ita ma ba ta taɓa cewa ya yi yawa ba.

Da yamma ta kawo masa tuwo ta zauna nesa kaɗan, tana tsince wake.

"An ce biyu," in ji shi.

"Ai biyu ne."

"Ba mu da kuɗin ta biyu."

Ita ma ta sani. Mahaucin da babu saniyar yanka a ƙasarsa mai wuƙa ne kawai. Abin da ya rage masa shi ne ɗan tsiren akuya ranar kasuwa, da hatsin da ke rumbu, wanda ko an yi tsimi da ƙyar zai kai su shuka. Kuɗin galma ɗaya zai iya harhaɗawa idan ya sayar da tunkiya. Na biyu kuwa hanya ɗaya gare shi: ya jinginar da fadamar ga Ɗanasabe mai albasa, wanda ya daɗe yana yi mata kallon da kura ke yi wa gurgun ɗan maraƙi. Kuma ba a taɓa jin gonar da ta shiga hannun Ɗanasabe ta gane hanyar gida ba.

"Ɗanasabe ya gaishe ni jiya," in ji Arzika. "Har da durƙusawa."

"Shi da gwiwa ke ciwo?"

"Ta warke."

Turai ta jefar da wani wake mai ƙwaro. "Fadamar ba tamu ba ce da za mu ba shi."

"Na sani."

"Ta wancan ce."

"Na sani, na ce."

Dukansu sun san ɗaya hanyar, ba wanda ya faɗa. A ƙasar nan idan manomi ya mutu, ana buge ƙotar galmarsa a gaban shaidu, ƙarfen ya tafi maƙera a narka, itacen ya koma ga iyalinsa. Galmar da aka raba da ƙotarta ba ta biyan haraji. Ba a kuma yi wa mai rai haka.

Ranar Talata da hantsi Arzika ya sauko da galmar. Ya so ya fita Turai tana bayan gida, amma da ya juyo sai ya gan ta tsaye a ƙofar ciki, riƙe da zanenta na saƙi, wanda take ɗaurawa ranar salla.

"Rana za ta busar da ƙotar," ta ce.

Ta karɓa ta naɗe ta a hankali, ta soke bakin zanen yadda ake soke goyo. Ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"In sun ce a baro ta can, ka komo min da zanena."

Ya yi tafiyar Mafara yana tauna wannan magana. Izini ne ta ba shi? Ko kuwa gargaɗi ne, cewa ta san abin da za a nema daga gare shi kuma tana jira ta ga irin uban da yake? Shekara da shekaru yana zaune da matar nan, ya san tarinta a cikin tarin mata goma, amma a kan wannan abu ɗaya bai san zuciyarta ba, don ba su taɓa buɗe shi ba. Abin da ya sani shi ne ranar Talata takan tashi da ƙarfi fiye da sauran ranaku. Yana tsoron idan ya raba ta da aikin nan, zai raba ta da abin da ke tashinta.

Don haka ya shirya magana a hanya. Zai ce galmar ba ta shiga ƙasa ba tun tafiyar mai ita. Zai ce ƙyallin na toka ne, ba na huɗa ba. Malam mai ilimi ne, zai gane, a rage masa ba tare da an taɓa komai ba. Ya maimaita maganar har ta yi masa daɗi a baki.

Ya ratsa ta kara, kasuwar shanu, inda a da sai mutum ya yi da gwiwar hannu kafin ya wuce tsakanin ƙahoni. Yanzu turaku ne tsaye babu igiya, dillalai na zaune a inuwa suna cinikin ɗan bunsuru ɗaya su shida. Wani ya ƙwala masa kira, "Sarkin Fawa, yau jariri ka ɗauko?" Ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Malam Abdulwahabu ya karanta littattafan da suka ce kada a ɗora wa talaka abin da Allah bai ɗora masa ba, ya ma haddace wasu. Sannan aka ba shi buzu a zauren fada, aka ce ya riƙa sauraron masu kukan haraji. Ya daɗe da daina tuna abubuwan biyu a rana ɗaya. Duk da haka mutum ne mai sauƙi, yana barin talaka ya gama maganarsa kafin ya hana shi.

Zauren cike yake. Sambo na zaune a gefe da igiyoyinsa. Wanda ke gaban Arzika wani manomi ne da ya zo ya roƙi a ɗauki galmar ɗansa a rabi, don yaron malalaci ne, ba ya huɗar da ta kai ta mace mai ciki. Ɗan na zaune a bayansa, ƙato kamar rumbu, yana shan rake.

"Tuwo fa?" in ji Malam. "Shi ma rabi shika ci?"

"Wane! Allah gafarta Malam, na mutum biyu."

"To tashi, an yi maka rangwame ba ka sani ba."

Aka yi dariya, har da ɗan. Sannan aka kira Arzika. Ya durƙusa, ya gaida Malam, ya kwance zanen ya ajiye galmar a gabansa. Ya faɗi maganarsa kamar yadda ya shirya ta, toka da yashi da man kaɗe, bai manta komai ba.

Malam ya ɗauki galmar ya shinshina ƙotar. "Man kaɗe ne, gaskiyarka. Wa ke shafawa?"

"Iyali."

"Ta wa ce?"

"Ta wani yaro ce."

"Yaron wa?"

Arzika ya dubi ƙasa. Wani dattijo a bayansa ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na fari ne, Malam. Wanda ya bi shanu." Sambo ya dubi igiyar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta.

Malam ya ajiye galmar a hankali. "Na ji. Ni ma ina da nawa, ban taɓa kiran shi ba. Amma Arzika, ka dubi bayanka. Rabin mutanen ga za su rantse tasu ma toka ce. In na karɓi toka gare ka, gobe babu murhun da zai kwana da toka a ƙasar Mafara."

"Allah gafarta Malam, ba ta ci ƙasa ba."

"Na yarda. Sarki ba ƙasa shika tambaya ba, mutum shika tambaya. Gida mai maza biyu, ko ɗaya na tahiya, biyu shika biya, don matahiyi na aiko da abin hannu. Shina aikowa?"

"A'a."

"Shina da rai?"

Tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa ke nan. Mutanen tunga sun fi haka ladabi.

"Ba a kawo min gawa ba," ya ce.

"Littafi ma bai kashe shi ba. Littafi cewa ya yi a jira wanda ya ɓace har tsaransa su ƙare. Littafi na da haƙuri, don ba shi da fadama." Malam ya shafa gemu. "Ni ba ni kashe ɗan wani da bakina. Amma abin da ke hannuna biyu ne. In ka ce shina da rai, ka ɗauki galmarka ka biya, Allah shi komo da shi. In ka ce ka sallama shi ga Allah, ga dutse can bakin ƙofa. Ka faɗi sunanshi mutane su shaida, ka buge ƙota, a kwance maka ƙulli guda. Ba ni da na uku. Da ina da shi da na ba ka."

Arzika ya daɗe a durƙushe. Babu wanda ya ce ya yi sauri, ko ɗan mai rake ya daina tsotsa.

Ya tuna fadamar. Ya tuna yadda yaron ya yi rani guda yana tumɓuke saiwar gawo da hannu, ya dawo tafinsa duk jini, shi kuma ya wuce shi a ƙofa bai ce sannu ba, don uba ba ya ce wa ɗan fari sannu. Idan ya ce yana da rai, kafin damina Ɗanasabe zai sa bayinsa a kan jigon nan. Galma za ta ci gaba da ƙyalli a bango, ba ta da ƙasar da za ta koma. Idan kuma ya buge ta, fadama ta tsira, sai dai ya shiga gida ya tarar da Turai.

Sai ya ga ashe ya daɗe da sani. Tun shekarar da ayari na biyu ya dawo ya daina duban hanyar kudu idan ya fito masallaci. Bai gaya wa kowa ba, har kansa. Yaron da ya tumɓuke gawo da hannu ba zai yi shekarun nan da ƙafafu biyu bai zo ya ga albasarsa ba.

Ya ɗauki galmar ya tafi bakin ƙofa. Mutane suka matsa. Aikinsa ya koya masa abu ɗaya tun yana yaro: idan za ka yanka, kada ka ja hannu, jan hannun shi ne zalunci.

Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Harshensa bai san hanyarsa ba. Ya sake gwadawa.

"Hashimu," ya ce. Muryar ta fito kamar ta wani. "Hashimu ɗan Arzika. Ɗana ne. Na sallama shi ga Allah."

Ya buga sau ɗaya. Ƙarfen ya fita ya faɗi a ƙasa da ƙara, ƙotar ta rage a hannunsa, ba nauyi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam, zauren ya ɗauka. Sannan ya ɗaga hannuwa, kowa ya ɗaga, dillalai da manoma da masu jiran a hana su. Ya yi addu'a doguwa, ya roƙa wa Hashimu ɗan Arzika gafara da sanyin kabari a duk ƙasar da yake kwance, ya ambaci sunan har sau da yawa kamar ya san an daɗe ana bin yaron bashinsa. Arzika ya tsaya da ƙota a hammata da tafuka a buɗe. Bai yi zaton wannan ba. Shi ragi ya zo nema. Duk shekarun nan babu wanda ya yi wa yaron ko fatiha ɗaya, don ba a yi wa mai rai, shi kuma ba a bar shi ya mutu ba.

Aka shafa. Wani maƙeri ya ɗauke ƙarfen. Sambo ya sa haƙori ya kwance ƙulli ɗaya, sannan ya biyo Arzika har waje ya durƙusa a gabansa, rawani na rinjayarsa.

"Baba, ban sani ba. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Tashi, ɗana. Aikinka ka yi."

"Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Kai ne na farko da ya gaishe ni."

Bai tsaya kasuwa ba. Ya naɗe ƙotar a zanen ya kama hanya, rana na bayansa. Da ya hango rufin tunga sai ya zauna a gindin wata tsamiya kamar mai cire ƙaya. Ya shirya magana, ya rushe, ya sake shiryawa. A ƙarshe ya tashi ba shi da ko ɗaya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya yi sallama. Turai na zaune a ƙofar ɗakinta, hannunta babu aiki, abin da bai taɓa gani ba. Ta amsa, ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi kasuwa, ta kawo ruwa. Idonta na kan ƙullin. Ko makaho ya ga ya rage faɗi.

Ya miƙa mata. Ta kwance, ta dubi itacen, ta sa yatsa a ramin da ƙarfen ya fita.

"Fadamar ta tsira," ya ce.

Ta gyaɗa kai.

"Ba su da wata hanya. Na roƙa."

"Kai ka buge, ko wani?"

"Ni."

"Gara kai." Ta ci gaba da shafa ramin. "Sai da aka faɗi suna?"

"Sai da aka faɗa."

"Gaban mutane?"

"Zaure cike."

Ya jira ta faɗi, ko ta tashi ta shige ɗaki ta bar shi. Da ta yi magana, tambayar da ta fito ba wadda yake tsoro ba ce.

"An yi mishi addu'a?"

"Malam da kanshi. Doguwa. Har masu cinikin bunsuru sun shafa."

Ta rufe ido. Ta saki wani numfashi mai tsawo, kafaɗunta suka sauka.

"Kullum in na yi salla," ta ce, "sai in rasa wadda zan yi mishi. In na ce Allah shi komo da shi, sai in ji kamar ina hana shi kwanciya. In na ce Allah shi jiƙan shi, sai in ji na kashe shi. Sai in shafa hannu banza in tashi." Ta buɗe ido ta dube shi, kai tsaye, yadda ba ta saba ba. "Na zaci kai ne ba ka iya ji. Shi ya sa ban ce ba."

Arzika ya sha sauran ruwan da ke kwanon.

Ta miƙe ta jingina ƙotar a cikin ɗakinta, ta fito da ƙwarya. "Kada ka gaya wa liman tukuna. Ba a zuwa gaisuwa gidan da babu gumbar sadaka. Kuma a aika Bakura, Zuwaira ta zo."

Ta ɗebo gero daga wanda suke tsimi, ta ɗebo da yawa, bai hana ta ba. Ta zuba a turmi ta yayyafa ruwa ta ɗaga taɓarya. Ta sauke sau ɗaya, sau biyu. A na gaba hannun ya ƙi tashi. Ta tsaya riƙe da taɓaryar, goshinta a jikin itacen, bayanta na girgiza, babu sauti. Ko yanzu tana jin kunyar maƙwabta su ji uwa na kukan ɗan fari.

Arzika ya dubi zana, ya dubi ƙofar zaure. Sannan ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya je ya zare taɓaryar daga hannunta. Tun da aka haife shi bai taɓa daka ba. Bugun farko ya sami bakin turmi, gero ya yi tsalle.

"Za ka fasa min turmi," ta ce cikin hawaye. "Tsakiya. Sassauta hannu, ba sa ba ne."

Ya sassauta. Ya sami tsakiya. Ya riƙa bugawa da ƙarfi, da gangan, yadda ƙarar za ta cika gidan ta haura zana.

"Turai," ya ce, bai daina ba. "Yi abinki. Ba mai ji."

Ta durƙusa a gindin turmin tana mayar da geron da ya zube, ta saki murya. A tsakanin bugu da bugu ya ji tana kiran yaron, da sunansa, a hankali, tana tuntuɓe a kansa kamar yadda shi ma ya yi. Ya ci gaba da daka har geron ya wuce yadda ake so.